Umberto Veronesi, Likitan Fiɗar Da Ya Rage Yanka

 Yau birnin Milan za mu, a arewacin Italiya, mu duba rayuwar wani likitan tiyata mai suna Umberto Veronesi. An haife shi ranar 28 ga Nuwamban 1925, ya rasu ranar 8 ga Nuwamban 2016, saura kwana 20 ya cika shekara 91. Ya yi ministan lafiya, ya yi sanata, ya kuma zauna a babbar majalisar jam'iyyar Soshalis ta ƙasarsa. Amma in kun tambayi likitocin sankara a ko'ina cikin duniya, ba da waɗannan muƙamai za su fara ba. Za su ce muku shi ne ya kawo hujjar cewa ba dole ne a yanke wa mace mamanta gaba ɗaya ba don an same ta da sankara.

Ni a ganina, siyasar wannan mutum da aikinsa na asibiti daga wuri guda suka taso, wato daga bakin gadon mara lafiya. Duk abin da ya yi a gwamnati wanda ya riga ya gani da idonsa a ɗakin jinya, ya ɗore har yau. Abin da ya kutsa ciki don kawai sunansa ya yi nauyi, bai kai ko'ina ba. Ku biyo ni mu ga ko za ku yarda.

Milan gari ne da likitoci suka daɗe da sa hannu a siyasar talakawa. Lokacin da aka kafa jam'iyyar Soshalis ta Italiya a 1892, cikin jagororinta akwai Anna Kuliscioff, likita ce da ke bin unguwannin matalauta na Milan tana duba mata, har aka yi mata laƙabi da likitar talakawa. Angelo Filippetti, magajin garin da 'yan Fasist suka kora daga ofis a 1922, likita ne ɗan Soshalis. Virgilio Ferrari, wanda ya riƙe garin daga 1951 zuwa 1961, shi ma likita ne. Dalilin bai da wuyar ganewa. Wanda ke shiga gidajen ma'aikatan masana'antu yana ganin tarin fuka da yunwa da cunkoso, ba ya daɗewa bai gane cewa takardar magani kaɗai ba ta isa ba, sai an taɓa albashi da muhalli da ruwan sha.

A wannan gari Veronesi ya tashi, can bayan gari inda gonaki suke, cikin iyali masu asalin noma. Mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara 6, mahaifiyarsa ce ta riƙe su. Yana saurayi Yaƙin Duniya na Biyu ya ritsa da shi. Nakiya ta tashi da shi, ya sha jinya mai tsawo da tiyata a kai a kai, daga baya ya shiga sahun masu yaƙar 'yan Fasist da sojojin Jamus a ɓoye. Kun ga ke nan kafin ya riƙe wuƙar fiɗa, ya riga ya san yadda ake ji in kai ne a kwance ana tsaye a kanka. A farkon shekarun 1950 ya gama karatun likita a Jami'ar Milan, ya shiga Cibiyar Sankara ta Ƙasa da ke birnin. A wancan zamani samarin likitoci ba sa rububin zuwa wurin, domin galibin waɗanda ake kwantarwa ba sa fitowa da ƙafarsu.

Maigidansa a cibiyar shi ne Pietro Bucalossi, wani likitan fiɗa kuma ɗan siyasa, wanda ya zama magajin garin Milan daga 1964 zuwa 1967 a ƙarƙashin jam'iyyar Soshal Dimokurat, daga baya ya yi ministan ayyuka. Har yau Italiyawa na kiran dokar gine-gine ta 1977 da sunansa. A hannun irin wannan mutum Veronesi ya koyi yanka, a hannunsa kuma ya ga cewa likita na iya fita daga ɗakin tiyata da safe ya shiga zauren majalisa da yamma.

To, wane irin yanka ya koya? Nan nake so mu ɗan tsaya, domin wanda bai san abin da ake yi wa mata a da ba, ba zai gane girman abin da ya sauya ba.

A 1894 wani likita Ba'amurke, William Halsted na asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore, ya wallafa hanyarsa ta magance sankarar mama. Ana cire maman duka, a cire tsokar ƙirji da ke ƙarƙashinsa, a kuma kwashe ƙululun kaluluwa da ke hammata. Tunaninsa shi ne cutar na rarrafawa ne daga inda ta fara zuwa maƙwabtanta, daki-daki, don haka a sha gabanta, kamar yadda ake rushe dangar maƙwabta in gobara ta tashi a unguwa. A zamaninsa wannan ci gaba ne, domin matan da ke zuwa wurinsa cutar ta riga ta ci jikinsu. Sai dai abin ya zauna daram kusan shekara 80. Mace za ta zo da ƙullutu ɗan ƙarami, a kwantar da ita a ce za a ɗebi kaɗan a gwada, ta farfaɗo ta tarar da ƙirjinta ya rame har ana ƙirga haƙarƙari, hannunta na wannan ɓangare ya kumbura, wani lokaci har ƙarshen rayuwarta ba za ta iya ɗaga shi ta taje kanta ba. In ta yi kuka, a ce ta gode wa Allah tana da rai.

Wasu likitocin ma suka ga yankan Halsted ya yi kaɗan, suka ƙara da buɗe ƙirji don kwaso ƙululun da ke bayan ƙashinsa. Shi kansa Veronesi ya yi wannan aiki, kuma a shekarun 1960 cibiyar Milan ta shiga gwajin kwatanta wannan babban yanka da na Halsted. Sakamakon ya nuna matan da aka ƙara wa yanka ba su fi sauran tsawon rai ba. Daga nan tambayar ta taso masa: in ƙarin yanka bai ƙara kwana ba, wa ya tabbatar cewa rage shi zai rage kwana? A lokaci guda masana sun fara fahimtar cewa abin da ke kashe mai wannan cuta shi ne ƙwayoyin da suka riga suka bi jini suka tafi hanta ko huhu ko ƙashi, kuma babu faɗin yankan da zai kamo su.

A ƙarshen shekarun 1960 ya kai wannan shawara taron ƙwararru na Hukumar Lafiya ta Duniya a Jeneba, ya nemi a yarda a gwada. Da farko ba a karɓa ba. Manyan likitoci suka ɗauki abin a matsayin wasa da rayukan mata. Kada mu yi saurin zarginsu, masu sauraro. Mutumin da ya shekara 30 yana cire mama da imanin cewa rai yake ceta, ba ƙaramin abu ba ne a ce masa wataƙila yawancin wannan yanka bai zama dole ba.

Abin da ya fi burge ni game da Veronesi a nan shi ne bai tsaya cacar baki ba, bai kuma koma asibitinsa ya riƙa yin abin da ya ga dama ba. Ya shirya gwaji irin wanda abokan hamayyarsa ba za su iya musantawa ba. Daga 1973 zuwa 1980, mata 701 da ƙullutunsu bai wuce santimita 2 ba, kuma ba a ji kumburi a hammatarsu ba, aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, don kada likita ya zaɓi masu sauƙin ciwo ya kai ɓangaren da yake so. Mata 349 aka yi musu yankan Halsted. Sauran 352 aka cire musu kashi ɗaya cikin huɗu na maman, wato ɓangaren da ƙullutun yake tare da lafiyayyen naman da ke kewaye da shi, aka kwashe ƙululun hammata, sannan aka bi abin da ya rage da gashi na na'ura. A watan Yulin 1981 mujallar likitoci ta New England Journal of Medicine ta buga sakamakon: babu bambanci a tsawon rai tsakanin ɓangarorin biyu.

Masu shakka suka ce lokaci bai yi nisa ba, a jira a gani. Aka jira. A 2002 mujallar ta sake buga labarin waɗannan mata bayan shekara 20. Cikin waɗanda aka bar wa mamansu, kashi 41.7 cikin 100 sun rasu. Cikin waɗanda aka yi wa babban yanka, kashi 41.2. Wato kusan daidai. Akwai kuma abin da bai kamata a ɓoye ba, shi ma bai ɓoye shi ba: cutar ta fi dawowa a wurin da aka yi aiki ga matan da aka bar wa maman, mata 30 ke nan, a ɗaya ɓangaren kuwa mata 8. Amma dawowar nan ba ta ƙara yawan mace-mace ba, domin ana gano ta a sake aiki. A Amurka wani likita, Bernard Fisher, ya yi nasa gwajin da ya fi wannan yawan mata, ya isa ga matsaya iri ɗaya, kuma a 1990 taron ƙwararru na cibiyoyin lafiyar Amurka ya amince cewa barin mama tare da gashi shi ne ya fi dacewa ga yawancin matan da aka gano cutarsu da wuri.

Ba shi kaɗai ya yi ba. A cibiyar tasu akwai Gianni Bonadonna, wanda a 1976 ya nuna cewa ba da haɗin magunguna uku bayan tiyata na rage dawowar cutar. Daga baya kuma Veronesi ya waiwayi hammata. Wasu likitocin Amurka sun riga sun ɓullo da dabarar gano ƙululu na farko da ruwan jiki ke isa gare shi daga ƙullutun, a cire shi kaɗai a duba. In yana da lafiya, a ƙyale sauran. Veronesi ya sa wannan ma a sikeli, da mata 516, ya buga sakamakon a 2003. Da haka mata da yawa suka tsira daga kumburin hannun nan da na ambata. Taken da ya riƙe a duk aikinsa shi ne a daina tambayar iya abin da mara lafiya zai iya jurewa, a koma tambayar mafi ƙarancin abin da zai warkar da shi.

Wannan labari ya shafe mu kai tsaye. Likitocinmu a Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri da Yamai sun daɗe suna kukan cewa mata ba sa zuwa sai ciwo ya fashe, kuma cikin dalilan akwai tsoron a yanke mama, da tsoron abin da miji da kishiya da dangi za su ce. Abin takaicin shi ne jinkirin ne ke jawo yankan da ake gudu. Aikin Veronesi na mai ƙaramin ƙullutu ne. Sannan ba ya cika sai da gashi, na'urorin gashi kuwa ba su da yawa a yankinmu. Nijar sai a 2021 ta buɗe cibiyarta ta farko a Yamai. Likitan da ya san mara lafiyarsa ba za ta samu gashi ba, dole ya cire duka, kuma ba laifinsa ba ne. Uwa da ƙanwa da ke saurare, in kin ji wani abu mai tauri a jikinki wanda ba ki saba ji ba, ki je a duba tun yana ƙarami.

Mu koma Italiya, mu shiga siyasa. A shekarun 1980 mutumin da ya fi kowa ƙarfi a jam'iyyar Soshalis shi ne Bettino Craxi, ɗan Milan, wanda ya yi firaminista daga 1983 zuwa 1987. Craxi ya so ya nuna jam'iyyarsa ta zamani ce, don haka ya jawo fitattun mutane daga fagen ilimi da fasaha ya sa su a babbar majalisar jam'iyyar, Veronesi na cikinsu. Akwai dalilin da zai sa likita ya ji daɗin zama a wannan gida. Ministan lafiya ɗan Soshalis, Luigi Mariotti, shi ne ya kawo dokar 1968 da ta mai da asibitoci daga hannun ƙungiyoyin sadaka zuwa hukumomin gwamnati, kuma wannan ta share hanya ga dokar 1978 da ta ba kowane ɗan Italiya damar jinya ba tare da an tambayi aljihunsa ba.

Amma jam'iyyar da Veronesi ya shiga ta riga ta fara ruɓewa daga ciki. Ranar 17 ga Fabrairun 1992 aka kama wani ɗan jam'iyyar, Mario Chiesa, yana karɓar cin hanci. Ku lura da inda yake shugabanta: gidan kula da tsofaffi ne na birnin Milan. Daga wannan kamu binciken da ake kira Mani Pulite ya bazu, ya haɗiye manyan jam'iyyun ƙasar. A 1994 jam'iyyar Soshalis mai shekara 102 ta rushe, Craxi ya tsere zuwa Hammamet a Tunisiya, a can ya mutu a watan Janairun 2000. Veronesi bai bi jam'iyyar zuwa kabari ba, sunansa na likita ya fi katinsa na jam'iyya nauyi. Duk da haka ina ganin tambaya ce da ta dace a yi wa duk wani masani da ke ba 'yan siyasa aron sunansa: me ka gani, me ka yi shiru a kai? Mai neman fitaccen mutum ya zauna kusa da shi a dandamali, yawanci mutuncin mutumin yake nema, shawararsa kuwa sai in ta yi daidai da abin da ya riga ya ƙudurta.

A wannan shekara ta 1994 ya bar cibiyar gwamnati da ya shugabanta kusan shekara 20, ya buɗe Cibiyar Sankara ta Turai a kudancin Milan, da kuɗin manyan bankuna da kamfanoni, bisa goyon bayan Enrico Cuccia na bankin Mediobanca. Masu suka suka ce ina aƙidar Soshalis a nan? Amsar magoya bayansa ita ce cibiyar na karɓar marasa lafiya a ƙarƙashin tsarin jinya na ƙasa, kuma tana ba masu bincike 'yancin da tsarin gwamnati ke hana su. Duka ɓangarorin suna da abin faɗa. Ni dai na lura cewa gwajin da ya sa duniya ta san shi, a asibitin gwamnati aka yi shi, da matan da yawancinsu ba su da kuɗin zuwa wani wuri.

Kafin ya zama minista, an yi wata dambarwa da ta gwada shi. Wani tsohon farfesa daga Modena, Luigi Di Bella, ya yi iƙirarin yana da haɗin magunguna da ke warkar da sankara ba tare da wahalar da ake sha a asibiti ba. A ƙarshen 1997 wani alƙali a garin Maglie ya umarci hukumar lafiya ta ba wani mara lafiya maganin kyauta. Gidajen talabijin suka ɗauka, jama'a suka fito zanga-zanga, 'yan siyasa suka shiga, wasu marasa lafiya suka watsar da maganin da ke yi musu aiki. Ministar lafiya ta lokacin, Rosy Bindi, ta yarda a gwada, Veronesi na cikin shugabannin kwamitin da ya kula da gwajin. Marasa lafiya 386 aka ba haɗin a 1998. Babu ko ɗaya da cutar ta rabu da shi, mutum 3 ne kacal ƙullutunsu ya ɗan ragu. Sikelin da ya auna nasa ra'ayin da shi a 1973, da shi aka auna na Di Bella. Wanda ya taɓa ganin ɗan'uwansa ya sayar da gona don wani ya ce yana da sirrin maganin sankara, zai san amfanin wannan sikeli.

A watan Afrilun 2000 Giuliano Amato, tsohon na hannun daman Craxi, ya kafa gwamnati, ya kira Veronesi ya ba shi ma'aikatar lafiya. Yana da shekara 74, kuma kowa ya san gwamnatin ba za ta wuce zaɓen 2001 ba. Bai kai wata 14 a ofis ba. A ciki ya yi fama da cutar haukar shanu, wadda aka fara ganowa a shanun da aka haifa a Italiya a watan Janairun 2001. Ya kai ƙudurin hana shan taba a wuraren taruwar jama'a, majalisa ta watse ba ta zartar ba. Magajinsa Girolamo Sirchia ne ya samu dokar a 2003, ta fara aiki ranar 10 ga Janairun 2005, kuma sunan Sirchia take ɗauke da shi.

Aikin da na fi ba shi maki a kai bai yi ƙara a jaridu kamar waɗannan ba. Doka ce mai lamba 12, ta ranar 8 ga Fabrairun 2001, a kan magungunan kashe raɗaɗi masu ƙarfi irin su morfin. Kafin ita, likitan Italiya da ke son rubuta morfin sai ya nemo takarda ta musamman, ya cika ta da ƙa'idoji masu tsauri, kuma abin da zai rubuta ba zai wuce na kwana 8 ba. Kuskure kaɗan a rubutun na iya kai shi gaban alƙali. Don haka likitoci da yawa suka guje wa abin baki ɗaya, Italiya ta zama cikin ƙasashen Turai da suka fi ƙarancin amfani da morfin, mutane na mutuwa a gida cikin ihu, iyalai na tsaye ba abin da za su iya. Wannan kuwa a ƙasar da Vittorio Ventafridda, abokin aikin Veronesi a cibiyar Milan, ya kasance cikin jagororin da suka tsara wa Hukumar Lafiya ta Duniya matakan magance raɗaɗin sankara da aka buga a 1986. Ilimin yana gida, doka ta tare ƙofa.

Sabuwar dokar ta mai da kwana 8 zuwa 30, ta sauƙaƙa takardar, ta rage barazanar hukunci a kan kuskuren rubutu, ta ba likitoci da ma'aikatan jinya damar kai maganin gidan mara lafiya. A watan Mayun shekarar aka ƙaddamar da shirin asibiti marar raɗaɗi, wanda ya ce a riƙa tambayar mara lafiya zafin da yake ji a rubuta, yadda ake rubuta zafin jikinsa da bugun jininsa. A 2010 majalisa ta ɗora a kan wannan tushe da dokar da ta mai da kula da raɗaɗi haƙƙin ɗan ƙasa. Ministan da bai taɓa kwana a ɗakin masu sankara ba, da wuya ya sa wannan a gaban jerin ayyukansa, domin masu cin moriyarsa ba sa zanga-zanga, yawancinsu ma ba za su kai zaɓe na gaba ba.

Mu ma muna da irin wannan ƙulli. Mun ga ɓarnar da tiramadol da kodin suka yi wa matasanmu, har Najeriya ta hana maganin tari mai kodin a 2018, kuma tsoron da hukumomi ke yi yana da tushe. Amma wani kwamitin mujallar Lancet ya gano a 2017 cewa rabin mutanen duniya mafi talauci ba sa samun ko kashi 1 cikin 100 na morfin ɗin da ake rarrabawa. Tsohuwar da sankara ta ci ƙashinta ba 'yar ƙwaya ba ce, kuma bai kamata a hukunta ta da laifin wani ba.

Sauran tafiyarsa ta siyasa gajera ce. A 2008 aka zaɓe shi sanata daga Lombardiya a jam'iyyar Dimokurat. A ƙarshen 2010 gwamnatin Silvio Berlusconi, wadda jam'iyyarsa ke adawa da ita, ta ba shi shugabancin hukumar kula da tsaron makamashin nukiliya, ya karɓa, ya ajiye kujerar sanata a farkon 2011. A watan Maris hatsarin Fukushima ya auku a Japan. A watan Yuni Italiyawa suka yi ƙuri'ar raba gardama, kusan kashi 94 cikin 100 na masu zaɓe suka ƙi nukiliya. A watan Satumba ya yi murabus daga hukumar da ba ta taɓa tsayawa da ƙafarta ba. Yana da 'yancin ra'ayinsa a kan nukiliya, akwai masana da yawa da ke tare da shi. Amma likitan mama ba injiniyan tashar nukiliya ba ne, kuma waɗanda suka ɗauko shi sun san sunan da jama'a suka amince da shi suke buƙata. Mutumin da ya gina darajarsa a kan cewa kada a yarda da babba don girmansa sai da hujja, a nan girmansa aka sa a gaba.

Akwai kuma inda na rabu da shi gaba ɗaya. Ya tashi a gidan Katolika, ya bar addini tun yana matashi, ya kuma sha faɗa cewa abin da ya gani a yaƙi da ɗakin yara masu sankara ne ya ƙara nisanta shi. Ya goyi bayan a ba mara lafiyar da ba shi da sauran fata damar neman a ƙarasa masa rai, har ya rubuta littafi a kai a 2005. Mu da muka yi imani cewa rai amana ce, mai ita ne kaɗai ke karɓar abarsa, ba za mu bi shi nan ba. Ina ma ganin dokarsa ta 2001 ita ce amsa mafi ƙarfi ga littafinsa na 2005, domin da yawa daga masu roƙon mutuwa, zafi ne da kaɗaici suka kai su, kuma duka biyun ana iya rage su. Abin da majalisar Italiya ta amince da shi a watan Disambar 2017, shekara guda bayan rasuwarsa, bai kai inda ya so ba: doka ce da ta ba mutum damar rubuta tun yana da hankalinsa irin jinyar da ya yarda a yi masa da wadda bai yarda ba.

Ya ci gaba da shugabantar binciken cibiyarsa har 2014, yana da shekara 88. Ya rasu a gidansa da ke Milan, aka yi masa bankwana a fadar magajin gari, inda maigidansa Bucalossi ya taɓa zama. Ya bar matarsa Sultana Razon, likitar yara wadda tana ƙarama ta tsira daga sansanin Bergen-Belsen na 'yan Nazi, da gidauniyar da ya kafa a 2003, wadda har yanzu ke biya wa matasan masu bincike kuɗin aiki.

 Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinyarsu.